HARSHEN SHAIDA NA XML DA MASANA'ANTUN KANO: YADDA AKE RAƊA WA BAYANAI SUNA A INTANET



Gabatarwa

Na tabbata akwai waɗanda da suka ga sanarwar wannan lacca suka tambayi kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da sha'anin kwamfuta? Amsar ita ce, abin da za mu tattauna a kansa yau harshe ne, yana da kalmominsa, yana da nahawunsa, ana kuma yi masa li'irabi kamar yadda muke yi wa jimlar Hausa a aji. Sunansa XML, watau taƙaitawar wasu kalmomin Ingilishi uku masu nufin harshen yi wa rubutu shaida, wanda kowa ke iya faɗaɗa shi gwargwadon bukatarsa. A cikin wannan lacca zan riƙa kiransa harshen shaida.

Manufata ita ce in nuna abu guda: kwamfuta ba ta san ma'anar komai ba, iyakarta ta bi sunan da mutane suka yarda su raɗa wa abu. Saboda haka aikin tsara bayanai, tun kafin ya zama aikin injiniya, aikin masu harshe ne da akawuna da ma'aikatan hukuma. Zan ɗauko misalaina daga unguwannin masana'antu na nan Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin a can ne wannan al'amari ya fara taɓa aljihun mutane.

Shaida a al'adarmu

Mu fara da abin da kowa ya sani. Idan ɗan kasuwa a Dawanau zai aika da buhunan hatsi zuwa Maraɗi ta hannun direba, ba ya sakin su haka nan. Sai ya sa a rubuta a jikin kowane buhu sunan mai karɓa da garinsa, wani lokaci har da irin abin da ke ciki. Ɗan dakon da zai sauke kayan ba ya bukatar kwance buhu ya leƙa, shaidar ta ishe shi. Haka nan makiyayi yakan yi wa dabbarsa shaida, alarammomi kuwa idan suna rubuta Alƙur'ani sukan sa wasulla da jan tawada, su yi zayyana a gefen shafi domin nuna inda izu ya fara. A duk waɗannan misalai akwai abubuwa biyu: akwai kayan, akwai kuma shaidar da ke faɗin ko mene ne kayan. Wannan rabuwa ita ce ginshiƙin harshen shaida gaba ɗayansa.

Yanzu mu koma wata majema a Challawa, wadda ke sayar da fatar akuya ga wani kamfani a Italiya. Akawu ya rubuta takardar ciniki, a cikinta akwai waɗannan: 0457, 1200, 4, baƙi. Manaja da ya dube ta nan take zai gane cewa 0457 lambar takarda ce, domin tana can sama a kusurwa, 1200 kuwa yawan fatun ne, domin tana ƙarƙashin layin adadi. Watau idonsa ne ke ɗauko ma'ana daga wurin da aka ajiye kowace lamba. Kwamfutar banki da ta kwastan da ta hukumar haraji ba su da wannan ido. In ba a gaya musu ba, ba za su bambance kuɗi da nauyi ba, balle su san ko 4 ɗin nan naira ce ko yuro. Tilas ke nan a yi wa kowane gutsuren bayani shaida, kamar yadda aka yi wa buhunan Dawanau.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1969 wasu ma'aikata uku na kamfanin IBM a Amurka, Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie, suka ƙirƙiro wata hanya ta yi wa takardu shaida, aka kira ta GML. Daga ita aka gina SGML, wadda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da ita a 1986. SGML tana da ƙarfi ƙwarai, sai dai tana da wuyar sha'ani, don haka manyan ma'aikatu ne kawai suka iya ɗaukar ta.

Da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shafukan intanet a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba wajen 1990, sai ya ari salon SGML ya yi HTML, harshen da ake gina shafuka da shi har yau. To amma kalmomin HTML ƙayyadaddu ne. Yana iya cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jadawali ne, amma ba shi da kalmar da zai ce wannan farashin fata ne. Domin toshe wannan giɓi, ƙungiyar W3C mai kula da ƙa'idojin shafukan intanet ta kafa kwamiti a 1996 ƙarƙashin jagorancin Jon Bosak, aka rage wa SGML nauyi, aka fitar da XML a ranar 10 ga Fabrairu, 1998. Bambancinsa da HTML shi ne, bai zo da kalmomi ko ɗaya ba. Nahawu kawai ya kawo, ya bar wa masu amfani da shi su zuba kalmominsu. Wannan ce ma'anar cewa ana iya faɗaɗa shi.

Nahawun harshen shaida

Ga yadda takardar majemar nan za ta kasance idan aka yi mata shaida. Misali ne na ƙirƙira domin wannan lacca, sunayen shaidun ma ni na raɗa su da Hausa, kuma ƙa'idar XML ta yarda da haka:

```
<takardar_ciniki lamba="0457">
  <rana>2025-11-03</rana>
  <mai_sayarwa>
    <unguwa>Challawa</unguwa>
    <gari>Kano</gari>
    <ƙasa>NG</ƙasa>
  </mai_sayarwa>
  <mai_saye>
    <ƙasa>IT</ƙasa>
  </mai_saye>
  <kaya>
    <iri>jemammiyar fatar akuya</iri>
    <launi>baƙi</launi>
    <adadi awo="guda">1200</adadi>
    <farashi kuɗi="EUR">4</farashi>
  </kaya>
</takardar_ciniki>
```

Idan muka lura da wannan rubutu za mu ga ƙa'idoji guda biyar. Ta farko, kowace shaida tana da mabuɗi da marufi. Mabuɗi shi ne suna a tsakanin baka biyu masu kusurwa, marufi kuwa sunan ne dai, amma da ɗan karkataccen layi a gabansa. Mabuɗi da marufi da abin da ke tsakaninsu, su ne zan kira ƙunshi. Ta biyu, ƙunshi yana iya shiga cikin ƙunshi, kamar yadda gari ya shiga cikin mai sayarwa, amma ba a yarda su sarƙe ba: wanda aka buɗe daga baya shi ake fara rufewa, kamar mai ɗaure ƙaramin ƙulli a cikin babban ƙulli. Ta uku, tilas a sami uwar ƙunshi guda ɗaya tak wadda ta haɗiye sauran duka, a nan ita ce takardar ciniki. Ta huɗu, ana iya maƙala wa mabuɗi siffa mai ƙarin bayani, kamar yadda aka ce farashin nan da yuro ne, kuma tilas a sa abin da siffar ta ƙunsa cikin alamar zance. Ta biyar, babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya suke ba, wanda ya buɗe da "kaya" ya rufe da "Kaya" ya yi kuskure.

Ɗaliban nahawu za su ga cewa wannan tsari ba baƙo ne gare su ba. Duk wanda ya karanta littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, ko ya zauna ajin ginin jimla, ya zana bishiyar li'irabi: jimla a sama, ta rabu zuwa yankin suna da yankin aiki, kowane yanki kuma ya ci gaba da rassa har a kai ga kalmomi. Haka kwamfuta take ganin takardar nan. Takardar ciniki ce tushe, rana da mai sayarwa da mai saye da kaya su ne rassa, 1200 da baƙi su ne ganyaye. Amfanin bishiyar shi ne ta warware harshen damo. Kalmar "ƙasa" ta fito sau biyu a misalinmu, amma ba za a rikita su ba, domin kowace tana rataye a reshenta.

Akwai wani hali na XML da ya kamata ma'aikata su sani. Manhajar da ke buɗe shafin HTML tana da haƙuri, in an manta marufi sai ta yi kirdado ta ci gaba. Ƙa'idar XML kuwa ta hana kirdado. Da zarar manhaja ta ci karo da kuskuren nahawu, tilas ta sanar da shi ta daina aiki da takardar kamar yadda ta saba. An yi haka da gangan ne, domin a sha'anin kuɗi da kaya gara a mayar wa mutum takardarsa da a yi masa tsammani.

Yarjejeniya a kan suna

A nan wani zai ce, in dai kowa yana da ikon raɗa sunan da ya ga dama, ai an koma gidan jiya. Majemar Challawa ta ce "farashi", masaƙar Sharaɗa ta ce "kuɗin kaya", kamfanin roba a Bompai ya ce "tsada", yaya kwamfutar hukuma za ta san abu ɗaya suke nufi? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma ita ce zuciyar al'amarin. Nahawu shi kaɗai ba ya sa a fahimci juna, sai an yarda da ƙamus.

Saboda haka ake rubuta wata takarda ta dabam, wadda zan kira ma'auni. Ita ce ke zayyana sunayen da aka yarda da su, da jerin da za su bi, da wanda ya zama dole da wanda ake iya bari, da irin abin da kowane ƙunshi zai ɗauka. Alal misali, ma'auni yana iya cewa adadi sai lamba, rana kuwa sai an fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan kwanan wata. W3C ta fitar da cikakkiyar ƙa'idar rubuta irin wannan ma'auni a 2001. Ta haka takarda tana da jarrabawa biyu: ta nahawu, da ta dacewa da ma'auni. Jimlar "dutse ya sha fura" nahawunta daidai ne, amma babu Bahaushen da zai karɓe ta. Haka takardar da aka rubuta "da yawa" a gurbin adadi: ƙirarta lafiya lau, amma ma'auni zai ƙi ta.

Har abin da ake zubawa cikin ƙunshi ma akan yi masa yarjejeniya. Nijeriya NG ce, Nijar NE, Italiya IT. Naira NGN ce, sefar Afirka ta Yamma XOF. A jadawalin kayayyaki na Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1988, ɗanyar fatar tunkiya tana ƙarƙashin lamba 4102, fatar akuya da aka jeme ba a gama gyara ta ba kuwa tana ƙarƙashin 4106. Akawun da ya sa NE a wurin NG, harafi ɗaya ya sauya, amma a idon kwamfuta ya mayar da masana'antarsa wata ƙasa.

A fagen kasuwanci, fitaccen ƙamus na irin wannan shi ne UBL, wanda ƙungiyar OASIS ta fitar a 2004, kuma Jon Bosak ɗin nan ne ya shugabanci kwamitinsa. A ciki an tanadi sunaye ga takardar oda da takardar ciniki da takardar rakiyar kaya da sauransu. ISO ta karɓe shi a 2015. Bankuna kuma suna da nasu, mai suna ISO 20022, wanda saƙonnin tura kuɗi tsakanin ƙasashe suka koma kansa.

Abin da ya shafi Bompai da Sharaɗa da Challawa

Kano ta daɗe tana ciniki da nesa. Tun zamanin ayari fatar jar akuya ta ƙasar Hausa take ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can take isa gare su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya buɗe kasuwar gyaɗa. Daga baya aka kafa Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin masana'antu, sa'an nan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya da majemu da masaƙu da kamfanonin roba da na man girki. A kowane zamani akwai irin shaidar da ciniki ke tafiya da ita: da can amanar fatoma da wasiƙar ajami, daga baya takardar akawu mai hatimi, yanzu kuwa takardar da kwamfuta ke karantawa.

Ƙasar Denmak ta wajabta wa masu sayar wa gwamnati kaya su aiko da takardar ciniki ta lantarki tun 2005. Italiya, wadda take cikin manyan masu sayen fatar Nijeriya, ta wajabta takardar ciniki ta XML a tsakanin kamfanoninta tun Janairun 2019. A nan gida, a shekarar 2025 hukumar tattara haraji ta tarayya ta ƙaddamar da nata tsarin, ta fara da manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 a shekara. An gina shi bisa ƙamus na UBL, kuma takardar da ta ci jarrabawa ita ake bai wa lambar shaida ta hukuma. Ga kuma tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023 domin a riƙa kammala sha'anin kwastan a nan Kano. Amfanin irin wannan tasha ya dogara ne a kan bayanin kwantena ya riga kwantenar isa, kuma ya isa daidai.

Abin da wannan ke nufi ga mai masana'anta a fili yake. A da, in akawu ya yi kuskure, ma'aikacin hukuma zai ɗaga kai ya tambaye shi, a gyara da alƙalami. Yanzu babu wanda za a roƙa, ma'auni ne ke karɓa ko ya ƙi. Takardar da aka ƙi kuwa tana iya jawo jinkirin biya, ko kaya su kwana a sito. Masana'antun da suka sha fama da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje ba su da sararin ɗaukar wata asara da ake iya kauce mata. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Wurin gyara shi ne littafin sito da teburin akawu, inda ake fara rubuta sunan kaya da awonsu. Kamfanin da yau zai rubuta dozin, gobe katan, jibi ƙwaya, ba tare da tsayayyen awo ba, babu manhajar da za ta cece shi.

Ya kamata in ƙara da cewa XML ba shi kaɗai ne a fagen ba. Tun farkon shekarun 2000 wani tsari mai suna JSON ya fito, ya fi shi gajarta, kuma yawancin sababbin manhajojin waya shi suke amfani da shi. Amma manufar ɗaya ce, watau kowane bayani da sunansa, kowane suna da reshensa. XML kuwa yana nan daram a bankuna da hukumomi da ɗab'i. Duk takardar Word da kuka adana da sabon tsarin da ya zo a 2007, tarin fayilolin XML ce aka dunƙule wuri guda.

Rabon harshen Hausa

Na bar wannan sashe a ƙarshe domin shi ya fi damuna a matsayina na malamin Hausa. Ƙa'idar XML ta wajabta wa kowace manhaja ta karɓi haruffan Unicode, kuma a cikinsu akwai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, akwai kuma haruffan Larabci da ake rubuta ajami da su. An ma tanadi wata siffa ta musamman domin faɗin harshen da aka yi rubutu da shi, lambar Hausa kuwa ita ce "ha". Ƙofa dai a buɗe take. Matsalar daga wajenmu take.

Mu ɗauki sunan Sharaɗa. A takardu za ka same shi da ɗ mai lanƙwasa, ko da d zalla, ko da d mai ɗauke da ɗigon waƙafi a sama, ko ma da x. Wannan na ƙarshe gadon tsofaffin haruffan kwamfuta ne da muka daɗe muna aiki da su a jami'o'i da maɗaba'u, inda ake buga x ta fito da kamannin ɗ, q ta fito da kamannin ƙ, v ta fito da kamannin ɓ. Waɗannan haruffa sun yi mana amfani a lokacinsu, amma kamanni kawai suka sauya, a cikin kwamfuta x tana nan x. Da an kai rubutun wata na'ura sai asiri ya tonu. Ga mutum, duk rubutun huɗun nan unguwa ɗaya ce. Ga kwamfuta unguwanni huɗu ne, kuma wanda ya nemi jimlar harajin Sharaɗa zai sami kashi ɗaya ne kawai. Haka "baƙi" da "baki", ko "ƙasa" da "kasa". Wannan shi ne darasin harshen shaida kansa: a tsayar da haƙiƙanin abu, kada a dogara da kamanninsa.

Akwai kuma alamar hamza da muke sawa a kalmomi irin su "ma'aikata". Alamar da aka saba bugawa tana da aiki na musamman a nahawun XML, ba ta shiga sunan shaida, kuma tana iya rufe siffa ba da niyya ba. Ga bambancin 'y na Nijeriya da ƴ na Nijar, alhali kaya suna kai da kawowa kullum tsakanin Kano da Maraɗi. Waɗannan tambayoyi ne na daidaita rubutu, kuma babu injiniyan wata ƙasa da zai yanke mana su.

Haka nan ɗaliban da ke nazarin ƙamus da adabi suna da abin ɗauka a nan. A Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mai karatu yana gane kalma da jinsinta da jam'inta da ma'anarta ta yanayin ɗab'i. In da za a yi wa kowane ɗaya daga cikinsu shaida da sunansa, da cikin ƙiftawar ido za a iya fitar da duk sunayen da ke yin jam'i da "-una", ko duk kalmomin jima da saƙa. Masana adabi a duniya suna da ƙamus na shaida domin irin wannan aiki, mai suna TEI, wanda aka fara tun 1987.

Kammalawa

A cikin wannan lacca mun ga cewa harshen shaida yana raba bayani da kamanninsa, ya raɗa wa kowane gutsure suna, ya jera su kamar bishiyar li'irabi, sa'an nan a auna su da ma'aunin da aka yi yarjejeniya a kansa. Mun ga kuma cewa wannan tsari ya riga ya iso ƙofar masana'antunmu ta hanyar haraji da banki da kwastan.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga ma'aikatan gwamnati, duk sa'ad da za a tsara fom ko rajista, a zauna a tsayar da sunan kowane gurbi da abin da zai ɗauka, a kuma nemi ma'aikatu su yi amfani da suna ɗaya ga abu ɗaya. Ga masu masana'antu, a horar da akawuna da masu kula da sito, domin daga hannunsu bayani yake fitowa. Ga ɗaliban Hausa, ku shiga majemu da masaƙu ku tattaro kalmomin sana'a daga bakin masu ita, ku rubuta su da haruffa na haƙiƙa, ku tsara su yadda kwamfuta za ta iya karantawa. Ana nan ana rubuta ƙamusoshin da ciniki da mulki za su yi aiki da su shekaru masu zuwa, kuma wanda bai halarci raɗin suna ba, da sunan da wasu suka zaɓa zai kira ɗansa.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa.